Tsiron Cikin Gwangwanin Madara

Litinin, 7 ga Afrilu

Na gama littafin da na aro wurin maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu. A shafin ƙarshe mijin ya shigo da furanni cike da hannu. Ina ɗaga kai sai ga nawa mijin da guntun bututu a kafaɗa, wando jiƙe har gwiwa. Mai gyaran famfo na aura, ba laifinsa ba ne. Amma tun da aka kawo ni garin nan bai taɓa faɗa mini maganar da zan kwanta ina juyawa a raina ba. "Sannu da gida." "Akwai ruwa a tanki?" Shi ke nan. Abu ɗaya nake so in sani: yana ganina kuwa, ko ni ma cikin kayan ɗaki nake?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ya raka ni duba ƙanwar babansa a asibiti, muka dawo a ƙafa. Ashe bakinsa na buɗewa, bishiya kawai yake jira. Duk wadda muka wuce sai ya faɗi sunanta da laifinta. Ceɗiyar bakin makaranta ɓarauniya ce, saiwarta na jin ƙanshin ruwa daga nesa, ta shiga bututu ta toshe. Maɗacin da aka jera a babban titi mutanen kirki ne, ƙasa suke nufa kai tsaye. Bishiyar turare mashayiya ce. Tsamiya kuwa dattijuwa, ba ta shiga harkar kowa. Na ce mutane na kallon bishiya daga sama, shi daga ƙasa. Ya yi dariya, ya ce, "Malama, kowa da inda abincinsa yake."

Malama yake ce mini, saboda littattafan.

A kwanar layinmu akwai wata da ta yi ja jawur da fure, ko ganye ba a gani sosai. Na tsaya kamar an dasa ni. Na tambayi sunanta. Ya ce bai san sunanta na gaskiya ba, ya dai san ta taɓa ɗaga dakalin wani shago. Na sa mata Gimbiya.

Talata, 22 ga Afrilu

Na koma wurin Gimbiya ni kaɗai. A gindinta, inda mai shayi ke zubar da ruwan wanke kofuna, na ga ɗan tsiro, ganyensa na sama ja-ja. 'Yarta ce, babu ko tantama. Na tone shi da cokali, mai shayi na kallona kamar wadda ta zautu. Yanzu yana cikin gwangwanin madara a kan taga.

Da maigida ya dawo ya daɗe yana dubansa. Sai ya ɗauki ƙusa ya huda gindin gwangwanin don ruwa ya riƙa fita. Na ce idan ta girma jajayen furanni za su riƙa zubo mana har ƙofar ɗaki. Ya ce, "Allah ya raya."

Lahadi, 4 ga Mayu

Sabbin ganye. Na karanta mata babi guda, kar wani ya ji.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na fara gane bishiyoyin da kaina. Mangwaro da duhun inuwarsa, gwaibar bayan gidan tela mai saɓar fata, dabinon ƙofar banki da ba ya 'ya'ya, ado kawai. Akwai wani gawo a tsohuwar tasha, shi kaɗai kore shar a wannan zafi. Maigida ya ce da ruwa ya sauka zai zubar da ganye, komai nasa a juye yake. Na ce kamar wani da na sani. Bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba.

Umma ta kira. Na ce mata ina so in zo gida in ɗan kwana biyu. Ta ce an yi mini wani abu ne? Na ce a'a. To ai matsalar ke nan, ba a yi mini komai ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Na roƙi Baba mai gidan da muke haya ya bar ni in dasa ta a tsakar gida, daidai tagarmu. Ya ce shi ba ruwansa, in tambayi mijina, don nan ne bututun gidan duka ya bi. Na tambaye shi. Ya ce, "Nan kam ba wurin bishiya ba ne." Ya ci gaba da cin abincinsa. Na shiga ɗaki da littafina, shafi ɗaya na yi ta kallo.

Talata, 10 ga Yuni

Yau na sha kunya.

Maman 'Yan Biyu ta shigo karɓar littafinta, na nuna mata 'yar Gimbiya ina ta kuri. Ta ciri ganye ɗaya ta tauna, ta tofar, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Amarya, darbejiya kike reno! Tsuntsu ne ya yar da ƙwallon a can." Wai duk ɗanyen ganyen darbejiya haka yake fitowa ja-ja. Na tauna nima. Ɗaci har cikin kunne.

Darbejiya. Wadda ke kowane lungu, wadda awaki ma sai sun rasa abin ci.

Da ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya sani? Ya ce tun ranar farko, ai irinta yake cirewa daga magudanar ruwa kullum. To me ya hana shi faɗa? Ya sosa ƙeya, ya dubi taga.

"Tun da kika zo gidan nan ban ga kin tashi da safe kina waƙa ba sai da kika kawo gwangwanin nan. Ni kuma ban iya kashe fitila ba, in ta kama."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Na juya masa baya don kar ya ga fuskata.

Laraba, 11 ga Yuni

Ban ba ta ruwa ba. Da la'asar na tarar da ƙasar a jiƙe. Ba ni ba ce.

Asabar, 14 ga Yuni

Ƙarar diga ce ta tashe ni. Na leƙa, sai ga shi tsakar gida cikin rami, ya tone bututun gidan gaba ɗaya yana karkatar da shi ta jikin katanga. Baba mai gida na tsaye yana faɗa, wai an yanke wa mutane ruwa ranar wanki saboda bishiyar da ake samu kyauta a bola. Maman 'Yan Biyu na ta tsiya daga ƙofarta: "Oga, mu ma a karkatar mana da wani abin mana!" Bai kula kowa ba. Mutumin da ya ce saiwa ce babbar abokiyar gabarsa.

Da ya gama ya miƙo hannu, duk laka. "Malama, kawo 'yar taki. Fure dai ƙanana za ta yi, farare, amma za ki sha inuwa." Na ce na sani, ai ba yau na fara ganin darbejiya ba. Na ɗauko wuƙa na yanka gwangwanin.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ruwa ya zauna. Gawon tasha ya yi tsirara kamar yadda aka ce. Gimbiya ta zubar da furenta duka, yanzu kore ce kamar kowa, na gaishe ta dai da na wuce. Tawa ta kusa kai gwiwata, ya kewaye ta da ragowar bututu saboda 'yan biyu.

Umma ta tambaya yaushe zan zo. Na ce sai dai nan gaba, shuka sabuwa ba a barinta.

Sabon littafin na nan a ƙarƙashin filo, na tsaya a inda mijin ya tafi sayo furanni. Zan ƙarasa. Yanzu dai na ji ƙarar ƙofa, kuma ban ɗora masa ruwan wanka ba.