Sunan Da Na Liƙa Maka

Zuwa ga ƙanena Idirisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Abijan, Allah ya ƙara wa ɗinkinka albarka. Mu nan unguwar Zariya lafiya lau. Inna ce dai ƙafa ta matsa mata, ko Tibiri ba ta iya zuwa yanzu, kuma kullum sai ta tambaye ni ko ka kira.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ɗiyata Hidaya ta zo da ita daga makarantarsu ta lise. Mushen da ke koya musu Ingilishi ya ce kalmar gaye daga Ingila ta fito. Asalinta sunan wani mutum ne da ya so tarwatsa majalisarsu. Kowace shekara sai su yi mutum-mutuminsa da tsumma su ƙone, har aka riƙa kiran duk mai shigar ban dariya da sunan. Daga baya ta koma nufin kowane namiji, ko aboki ma. Yarinya tana faɗa tana dariya, ni kuwa sai na tuna da kai.

Ni ne na fara ce maka ɗan gaye, ranar da ka zo gonarmu ta Jiratawa da tsukakken wandon da ka ɗinka. Wasa nake yi, ka san bakina. Amma na maimaita shi a majalisa, unguwa ta ɗauka, har aka manta kai Idirisa ne. Da ka nemi auren Tahira, mahaifinta ya aiko bincike a kanka, duk inda suka tsaya sai a ce musu, au, Idi Gaye? Ba wanda ya faɗi laifinka ko ɗaya, sunan kaɗai ya isa aka hana ka ita. Ka tafi ba sallama, ni kuma girman kai ya rufe mini baki shekara shida.

Wallahi na yi nadama, Idirisa. Ban san ko tushen kalmar ba na jefe ka da ita. Ka yafe mini. In ba ka son ganina, faɗa mini ranar zuwanka, in koma gona har ka tafi. Kada dai laifina ya hana Inna ganinka.

Matata Balkisu da ɗanmu Ilyasu suna gaishe ka.

Yayanka,
Mamman Lawali