Kwatar da Ba Ta Cikin Taswira

Litinin, 3 ga Yuni
Na sake auna darbejiyoyin da ƙotar fartanya. Rana ɗaya muka dasa su bara, ruwa ɗaya suke sha. Na bakin ƙofa sun wuce kaina, amma guda goma sha ɗaya ko gwiwata ba su kai ba, ganyensu rawaya kamar masu ciwon shawara. Shekara ashirin da biyu na yi a filin nan yana masana'antar batir, aka rushe ta, aka ɗauke ni dashen itace, ban taɓa sanin ƙasarsa tana da son kai ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na ƙara musu taki. Uwar yara ta ce da ita nake yi wa wannan hidimar da tuni ta yi ƙiba.

Talata, 11 ga Yuni
Na tone ɗaya. Saiwar gajeriya, baƙa-baƙa, ta dunƙule ta ƙi shiga ƙasa. Ba gara, ba tsutsa. To me take gudu?

Laraba, 19 ga Yuni
Hukuma ta turo mai gwajin ƙasa, sa'ar autata, da jaka cike da kwalabe. Na sa mata Mai Kwalabe. Na cika ta da tambaya, ba ta gaji ba. Ta ce dalmar batir take nema a ƙasar, ita kuwa ba ta ruɓewa: "Baba, jikan jikanka ma zai tarar da ita." Wai saiwa ce ke fara gamuwa da ita, sai ta kasa tsawo, ta kasa jan ruwa da abinci, ko nawa ka zuba taki a banza.

Da tsohuwar taswirar masana'anta take aiki. Inda aka rubuta ɗakin narka, ta ɗiba. Inda aka rubuta fili, ta wuce. Wajen tsumburarruna an rubuta fili. Na nuna mata su, ta ce, "Kwalba ashirin aka ba ni, kowacce da wurinta. Wataƙila irin ne mara kyau."

Alhamis, 20 ga Yuni
Na hau tankin ruwa gyaran famfo, na leƙo ƙasa. Ashe tsumburarrun ba a warwatse suke ba. Layi ne, ya taso daga inda ɗakin wanki yake a da, ya karkata hagu, ya nufi katangar makarantar firamare.

Na san karkatar nan. Ni da abokina Dogo muka haƙa wata kwata a wurin, ranar da babban bututu ya toshe, dutse muka kauce wa. Manaja ya ce ta kwana biyu ce. Shekara tara muna zuba ruwan wankin batir a cikinta, daga baya muka rufe ta da ƙasa, muka rufe bakinmu.

Bishiyoyi sun zana ta tsaf. Wallahi sai da suka burge ni kafin kunya ta zo.

Juma'a, 28 ga Yuni
Sakamako ya fito, wai gefen katanga lafiya lau. Za a ba makarantar wurin ta yi lambu, yara su shuka alayyafo da latas. Na je wajen Dogo. Ya ce, "Manaja ya mutu, kamfani ya mutu, kai kaɗai za ka miƙe ka ce ga ni? Korar ka za su yi." Ban musa ba. Tsoro nake ji, kuma aikin nan nake so.

Asabar, 29 ga Yuni
Ban auna komai ba.

Talata, 2 ga Yuli
Malaman makaranta sun zo da igiya da turaku suna yankar fili. Mai Kwalabe ta biyo sallama. Ni tambaya ɗaya kawai na yi niyya: ko alayyafo ma yana shan dalmar? Ta ce, "Yana sha, Baba. Kuma shi ci ake yi."

Sai na ji bakina yana roƙon taswira da biro. Na zana layin, har karkatar. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, yaya aka yi ka sani?"

"Ni na haƙa, 'yata."

Ta je ta yi magana da malaman, suka fara tuge turakunsu.

Gobe ƙarfe takwas ana nemana a ofishin hukuma. Na ce uwar yara ta goge mini riga. Ba wani abu ba ne, so nake in ji yawan dalmar da ke wurin, shi ke nan.