Kwano na dawowa wayam, Baffa na ramewa

Assalamu alaikum, Hajiya Zinariya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin takaici ya kusa fasa min zuciya, kuma na rasa wanda zan kai wa kuka.

Ni malamar firamare ce a Gumel. Mahaifina, da muke kira Baffa, yana zaune a Sule Tankarkar, ya haura shekara saba'in. Wata huɗu ke nan da aka gano yana da ciwon daji, duk bayan mako uku muna kai shi asibiti a Kano a ƙara masa ruwan magani. Ya hana mu faɗa wa kowa sunan ciwon, mutanen gari sun ɗauka gyambon ciki ne. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa maganin nan yana cin jiki, sai mai cin abinci ke iya jure shi.

Mahaifiyarmu ta rasu, yayana Sha'aibu yana can Maigatari wajen lodin motoci, sai girki ya dawo wuyana. Kullum kafin in tafi makaranta nake yin farfesun hanta ko na kifi, da dafaffen ƙwai, da kunun gyaɗa mai madara, in zuba a kula in ba direba ya kai masa. Da yamma kuloli su dawo wayam kamar an wanke. Ni kuwa sakarya har hamdala nake yi, ina bugun ƙirji wai Baffa ya samu bakin cin abinci.

Da muka koma asibiti aka ɗora shi a sikeli, ya zubar da kilo biyar, jininsa kuma ya yi ƙasa. Aka fasa ƙara masa maganin, aka ba mu mako biyu, in bai farfaɗo ba sai a sake ɗagawa, ciwo kuwa ba ya jiran kowa. Kallon da likitan ya yi min har yau yana ci min rai, kallon wadda ta bar ubanta da yunwa.

Washegari na bi abincin da kaina ba tare da sanarwa ba. Hajiya, ƙarti bakwai na tarar a zaure sun kewaye kwanona! Baffa yana gefe da ɓarin ƙwai a hannu, shi ne ma yake ce musu su ƙara. Malam Ɗantsoho, amininsa tun yarinta, shi ke rabon hanta. Na san tun muna yara ana ciyayya a zaurenmu, kowane maƙwabci ya fito da tuwon gidansa a ci tare. Amma yanzu har da waɗanda ba su taɓa kawo ko gaya ba, wai sun zo dubiya, kuma dubiyar ba ta tashi sai daidai lokacin da mota ke tsayawa. Ba su da ido ne? Mutum yana ƙarewa a gabansu, rigarsa ta yi masa yawa, su kuwa suna suɗe hannu!

Ban san sanda na buɗe baki ba. Na faɗi duk abin da ya zo min, har na kira su maciya amana. Na sa aka mayar da shimfiɗar Baffa cikin gida, na ce Tayyiba matar yayana ta zo daga Maigatari ta riƙa tsayawa a kansa har ya ci. Yau kwana biyar zaure ba kowa. Baffa ya yi cokali biyu ya ture kwano, kuma ya daina ɗaga wayata. Sha'aibu ya ce na tozarta ubanmu a idon gari, shi da ko ruwan zafi bai taɓa dafa masa ba. Saura kwana takwas mu koma asibiti. Ni ce mai laifi?

Taki, 'Yar Baffa, daga Gumel.

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ma raina ya ɓaci da na karanta. Wanda ya zo duba mara lafiya ya cinye masa abinci, ya kuma dawo gobe, ya yi abin kunya, ko da an ce masa bismillah sau goma. Shi kuma yayanki, gyaran murya daga nesa ba jinya ba ce.

Amma ke ma garin neman gira kin kusa rasa ido. Dattijon da ya shekara hamsin bai sa loma shi kaɗai ba, kin raba shi da abokansa, kin kuma tsayar masa da suruka a ka. Wane tsoho ne zai buɗe baki ya ci a gaban matar ɗansa? Sannan mutanen nan ba wanda ya gaya musu gaskiya. Sun ga kwano, sun ga maigida yana tayi, sun yi abin da suka saba.

Ki fara zuwa wajen Malam Ɗantsoho, ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Ba sai kin tona sunan ciwon ba, wannan sirrin Baffa ne. Ki ce masa likita ya dakatar da magani saboda rama, kuma abincin nan cikin magani yake. Ki roƙe shi ya zama mai tsaron kwanon. Abin da 'ya ba ta isa ta faɗa wa maza a zaure ba, shi da kalma ɗaya zai gama.

A mayar da Baffa zaurensa. Kowa ya fito da tuwonsa kamar da, shi kuma a ba shi nasa ƙaramin kwano daban, a ce umarnin likita ne. Ba ƙarya kika yi ba, domin mai shan wannan magani jikinsa ba ya da ƙarfin yaƙar cuta, haɗa hannu da jama'a a kwano ɗaya ba ya yi masa kyau, mai tari ko mura kuma ya gaishe shi daga nesa.

Ki daina cika kula. Babban kwano yana kashe wa mara lafiya zuciya, sai ya ga gara ya bayar. Kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, mai laushi, wanda ya dahu sosai. Ki tambaye shi ko bakinsa na ciwo, ko zuciyarsa na tashi, don wataƙila rabon da yake yi ɓoye wannan yake. In haka ne ki kira asibiti yau, akwai maganinsa, kada ki jira ranar komawa. Sha'aibu kuma a ɗora masa kwana biyu a mako ya zo ya zauna da ubansa.

Daga gidan Malam Ɗantsoho ki wuce wajen Baffa, ki nemi gafararsa kafin ki buɗe kula. Mutumin da aka kunyata a ƙofar gidansa ba ya jin yunwa, kuma ke kaɗai ce za ki iya cire masa wannan. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma Allah ya yi miki albarka.