Tsamiyar Enoch

Litinin, 3 ga Oktoba, 1983
Mutum ɗaya za a tura Kaduna gudun mita ɗari na ma'aikata: ko ni, ko Enoch malamin asibitin Dutsin-Ma. Shekara uku yana shan gabana, da ƙafafu kamar sillen kara. Ni ɗin nan da duk malaman Kurfi ƙeyata kawai suke gani a fili!

Alhamis, 6 ga Oktoba
Na kama shi. Kafin gwaji ya zagaya bayan fili, ya dafa tsamiyar nan da ko akuya ba a ɗaurewa a gindinta, yana turawa, yana nishi, baki na motsi. Ana hura usur sai ka ce harbo shi aka yi. Ashe da mutanen ɓoye nake tsere.

Juma'a, 7 ga Oktoba
Garba mai shayi kaɗai na gaya wa.

Talata, 11 ga Oktoba
Magana ta kai ƙauyen Rawayau har ta yi 'ya'ya, wai baƙar kaza yake yankawa. Mata sun daina zuwa allura wurinsa. Asabar kwamiti zai zauna a soke sunansa. Matata Sauda ta ce in ji kunya. Na ce ta ji da tukunyarta.

Laraba, 12 ga Oktoba
Ya zo har gida. Na zaci faɗa ne, ashe bai san daga bakina maganar ta fito ba. Wai ya lura ina da nauyin tashi in an hura usur. "Malam Labaran, ka tura abin da ba ya motsi da iyakar ƙarfinka, ka ƙirga biyar, sau uku. Ka ɗan huta, sannan ka ruga. Jijiyoyi ne suke farkawa." Motsin bakin nan, ƙirga ce. Na kasa haɗa ido da shi.

Alhamis, 13 ga Oktoba
Na gwada da katangar makaranta. Na ce in biyar na da amfani, ina ga ɗari? A kan jaki aka mai da ni gida.

Asabar, 15 ga Oktoba
Alhaji Ummaru shugaban kwamiti ya tambayi wanda ya gani da idonsa. Kowa ya kalli na kusa da shi. Da na bari, Kaduna tawa ce. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Alhaji, ni na gani, ni kuma na ƙara gishiri." Ya ce to in taɓa tsamiyar in na isa. Na tura ta a gaban kowa, ina ƙirga a fili, ina ayatul kursiyyu a zuci. Aka yi tsere. Da taku ɗaya Enoch ya wuce ni, da can uku ne. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 17 ga Oktoba
Na je asibiti. Benci wayam, mata na leƙe daga bakin ƙofa. Na shiga, na ce da ƙarfi Malam Enoch nake so ya yi mini allura. Huɗu suka biyo bayana. Ba don shi na je ba, cinyata ce ke ciwo. Ya duba ya ce ba ta buƙatar allura. Na ce ya yi dai, suna kallo.