Naman Ramin Baba Sarhan

Salala, Oman

Yaya Busaina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar Umma? Yaranki suna karatu, ko har yanzu ci kawai suka iya?

Guguwar da kuka gani a talabijin ba ta taɓa ni ba, mutum ne ya taɓa ni. Wani dattijo, Baba Sarhan, ya kawo iyalinsa hutun kallon damina gidan bakin tekun da nake gadi. 'Yan sanda suka ce kowa ya tashi. Na zuba mata da yara a mota, da ruwa, da magungunan tsohuwarsa. Shi kuwa ya ƙi, wai ya binne akuya a ramin gashi, sai gobe ake buɗewa.

Na ce, "Baba, teku ba ta jiran nama!"

Ya ce, "Matsoracin banza, mu ruwan sama muka zo nema!"

Iska ta fizge kwanon rufi, ya datse bishiyar gwanda kamar rake. Kasuwa ta koya min mutum kayansa yake bi. Na tone ramin, na sunkuci naman da zafinsa, na jefa a mota. Ya biyo ni da sanda, ya zubar min da haƙori, amma ya shiga.

Da safe babu gidan.

Hannun damana ya ɗan goce da dukan sandar, ina asibiti, da hagu nake rubutu. Kada Umma ta ji. Ki aiko min man riɗinta.

Jiya dattijon ya zo asibiti, ya sumbaci goshina yana kuka, sannan ya ce naman bai dahu ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki,
Tajussir