Mashin da Ya Raba Ɗakina Biyu

Zuwa ga Alhaji, mai shagon kayan tarihi a Aubervilliers, gefen Paris,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta 'ya ga uba, da fatan iyali lafiya. Kasuwa ba sai na tambaya ba, tunda a ɗakina take kwana.

Ni ce matar injiniyan nan na Villeurbanne da ka sayar wa tsohon mashin sojan dokin Ingila. Na yi ta kira ba ka ɗauka, shi ya sa na rubuto a fili.

1. A littattafan da nake karantawa, miji in ya je Paris turare yake dawowa da shi. Da Malam, maigidana, ya bugo ya ce yana tafe da abin da zai sa ni hawaye, har lalle na ƙunsa. Bai yi ƙarya ba. Gora ce ta fi mutum da rabi tsawo, da tsinin ƙarfe da ƙyalle ja da fari. Asansar, na'urar hawa benen nan, ta ƙi ɗaukarsa, ta matakala aka hau da shi, maƙwabta na leƙe.

2. Ɗakinmu ɗaya ne. A tsaye rufi ya tare shi, a bango mai gidan haya ya hana buga ƙusa. Sai aka kwantar da shi daga kusurwa zuwa kusurwa, gado a wannan ɓangare, banɗaki a wancan.

3. Cikina wata takwas. Innata ta hango shi ta waya daga Damagaram, ta ce mai ciki ba ta tsallake makami, kuma sai da ta sa na rantse. Malam, da yake ya yi karatu mai zurfi, ya warware matsalar: ya ɗora shi kan kujerunmu biyu. Yanzu ba na tsallakewa, rarrafe nake ta ƙarƙashi. Madalla da ilimi.

4. Ban raina ƙaruwar da na yi ba. Na san yadda mahayi ke soka gindin mashi a kuben fata gefen likkafa, na san ƙyallen don firgita dokin abokin gaba ne. Inda zan ajiye gadon jariri ne kawai tarihi bai faɗa ba.

Jiya kuma na ga saƙonka a wayarsa: wai ka samo ɗan'uwan mashin, don bibbiyu ake gicciya su. Alhaji, hannunka da sauƙi, Allah ya ƙara.

Roƙona, ka bar na biyun a shagonka, ka aiko a ɗauki na farkon kafin in sauka. Inna na tafe wankan jego. Ta ji itace na wuya a Faransa, kuma ta riga ta tambaye ni ko gorar busasshiya ce.

Allah ya ja kwana, ya ba ka masu saye masu manyan zaure.

Wassalam.

'Yarka, matar injiniya