Koriyar Motar Yaya Dewey

Paintsville, Kentucky
3 ga Maris, 1996

Yaya Orville,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Darlene da yara, da ciwon bayan nan naka da ba ya tashi sai an ce ka zo gida.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. Wayar tana ɗakin Mama, kuma ka san ta: a ce ta sha magani ba ta ji, amma a yi raɗa a kicin sai ta amsa.

Ranar Talata wani mutum ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, wai shi Virgil Combs, manomin taba daga wajen Morehead. Kawunsa ya rasu ya bar masa gona. Da ya je share tsohuwar rumfar shanyar taba, sai ya tarar da mota a lulluɓe da tamfol, kaji sun mai da ita wurin kwana. Dodge Charger ce ƙirar 1969, koriya. A cikinta ya samu takardar rajista da sunan Dewey Tackett da adireshin gidan nan.

Ban yi dabara ba, na bar shi ya faɗa a gaban Mama. Ta ce, "Lorene, miƙo min tabarau." Ta karanta takardar har sau uku, sannan ta ce, "Motar ɗana ce. Wadda ubanku ya sayar tun yaron yana numfashi."

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan magana, kai ma ka sani. Yaya Dewey yana fagen yaƙi a Vietnam, Baba ya sayar masa da mota ba da saninsa ba, bayan wata huɗu aka kawo mana shi a akwati. Har Baba ya koma ga Allah ba ta yafe masa ba. Yanzu ga shi tsohon miki ya tashi, kullum tambayarta ɗaya: yaushe za a kawo motar.

Ni dai mutumin bai kwanta min a rai ba. Ladabinsa ya yi yawa, hularsa a hannu tun daga ƙofa har ya fita. Wa ke tuƙin awa biyu a wannan zamani don kawai ya faranta wa tsohuwar da bai sani ba? Kai ne alƙalin tsofaffin motoci, mutane daga jihohi uku suna jiran sa hannunka kafin su yarda mota ta gaskiya ce. To yau ga ta gida. Ka zo ka duba.

Ƙanwarka,
Lorene


Dayton, Ohio
9 ga Maris

Lorene,

Na samu wasiƙarki. Muna lafiya, bayan ma da sauƙi, na gode da baƙar magana.

Kada ki sake buɗe wa mutumin nan ƙofa. Irinsu na sani kamar yunwar cikina. Su samo gawar mota mara daraja a bola, su shafa mata fenti, su liƙa mata tambarin mai babban inji, su jiƙa takarda da ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa. Ungulu da kan zabo ke nan. A cikin goma da ake kira na in duba, takwas haka suke. Sunan Dewey kuwa yana rubuce a jikin dutsen tunawa da sojoji a gaban kotun garinku, duk mai ido zai iya kwafa. Sun san babu mai sayen mota ido rufe kamar uwar da ta rasa ɗa.

Motar Dewey babu ita a duniya. Ba zan yi tuƙin awa huɗu don in kalli ƙarya ba. Ki gaya wa Mama na ce ba ita ba ce, ta cire ranta.

Ki gaishe ta.
Orville


Paintsville
15 ga Maris

Yaya Orville,

Bayan gaisuwa, na isar da saƙonka. Mama ta ce, "Au, daga Ohio ya hango? Lallai idon Orville ya ƙara kaifi da tsufa."

Tunda ka ƙi, ni na je jiya. Rumfar tana ƙarshen wata hanya mai laka, rufinta ya rufta gefe guda. Tayoyin sun lotsa har ƙasa, ɓeraye sun yi gari a kujerar baya. Amma da na zauna a gaba, sai na ga ƙunar sigari a gefen kujerar direba, daidai inda Yaya Dewey ya yi ta ranar da ya kai ni makaranta, ya ce in na faɗa wa Baba zai aske min kai. Wannan ma a dutsen gaban kotu aka kwafo ta?

Na tambayi Mista Combs me yake so. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baiwar Allah, ni taba na sani, ban san mota ba. Wasu 'yan birni biyu sun zo suna ta zagaya ta kamar kuraye, shi ya sa na ce bari in fara nemo masu ita." Ko gaskiya yake faɗa ko ya iya wasa ne, ban sani ba.

Amma ba shi ne ya hana ni sukuni ba, kai ne. Na sake karanta wasiƙarka. Ba ka ce "da wuya a same ta" ba, cewa ka yi babu ita a duniya. Sayar da ita aka yi, Yaya, ba ƙona ta aka yi ba. Motar da aka sayar ai tana wani wuri. Kai da kake tuƙi har Texas don ka leƙa ƙarƙashin motar wani attajiri, ta ɗan'uwanka ce ta yi maka nisa? Ruwa ba ya tsami banza.

Ka je ka gani da idonka, ko in ɗauki Mama da keken guragunta in kai ta cikin lakar nan. Ka san zan aikata.

Lorene


Dayton
25 ga Maris

Lorene,

Ina gaisuwa. Na je, tunda kin iya tsare mutum. Ban biyo ta gida ba saboda aiki ya yi min yawa. Ga abin da na gani, yadda zan rubuta wa kowane baƙo.

Kowace mota tana da farantin lamba a gaban sitiyari, ana hango shi ta gilas. A masana'anta da wasu ƙusoshi na musamman ake kafe shi, masu kai kamar fure, ba a sayar da su a kanti. Na wannan motar masu zagayayyen kai ne, irin na gyaran bokiti. Wato an taɓa cire farantin an mayar. Wannan kaɗai ya isa a kori mota daga kowace gasa.

Na kankare fentin gaba da wuƙa, shuɗi ne a ƙarƙashin koren. Na baya kuwa kore ne har ƙarfe. Mota biyu aka haɗa. Ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin bonet, mai faɗin launi da girman inji, babu shi, ko ramin ƙusarsa babu. Ma'aikatan masana'anta sukan cusa takardar haɗa mota a cikin wayoyin kujerar baya, ita ce shaida ta ƙarshe. Na ɗaga kujerar, ɓeraye sun riga ni, sun yi sheƙa da ita.

Combs yana tsaye a kaina yana taunar taba. Ya ce, "To, likita, za ta rayu?" Na ce masa ba a haife ta ba ma balle ta rayu. Ya ce, "Ikon Allah. Kawu Estill bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba sai matarsa."

Ƙunar sigari kuwa, Lorene, a shekarun nan wace mota ce ba ta da ita?

Hukuncina: ba zan sa mata hannu ba. Duk alƙalin da kika kawo haka zai ce miki. A bar maganar nan haka.

Yayanki,
Orville


Paintsville
2 ga Afrilu

Orville,

Yau ba Yaya, kuma gaisuwar ma a taƙaice.

Na karanta wa Mama hukuncinka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta juya fuska bango ta ce, "Shi ke nan, ko wannan ma ubanku bai bar min ba." Kwana uku ke nan sai na yi da gaske take shan romo.

Jiya Mista Combs ya zo karɓar takardarsa, na nuna masa wasiƙarka, na raka shi har mota. Ya ce, "Yayan nan naki lafiyarsa ƙalau kuwa? Duk dube-duben da ya lissafa miki, minti goma ya yi su. Amma da ya shiga ƙarƙashinta ta gefen hagu, sai da na je na ba shanu ruwa na dawo bai fito ba. Da ya fito idonsa ja wur, wai tsatsa ce ta faɗa masa." Sannan ya ce ka ja shi gefe ka ce ya sayar maka da ita a matsayin tarkace, ka aiko a ɗauke ta, kada ya gaya wa kowa. Har da ni.

Na shiga uku. Mutumin da nake zargi ashe shi ne mai gaskiya. Me za ka yi da motar da ka ce ba a haife ta ba? Na ji ana cewa masu sana'arku sukan kushe kaya don su saye shi da araha, ban taɓa zaton za ka yi wa uwarka ba. In kuwa ba haka ba ne, me ka gani a ƙarƙashin motar nan?

Na gaya wa Mista Combs kada ya bari ko ƙusa ta fita daga rumfarsa. Ina jiran amsa, kuma kada ka sake yi min lissafin farantai.

Lorene


Dayton
8 ga Afrilu

Ƙanwata Lorene,

Ina gaishe ki. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko suna kwandon shara.

Motar Dewey ce. Babu alƙalin da zai iya tabbatar da haka a duniya sai ni, domin duk abin da ya sa ta zama ta jabu ni na jawo shi.

Kina da shekara tara, ba za ki tuna ba. Da Dewey zai tafi ya ba ni makulli ya ce, "Kowace Lahadi bayan coci ka tayar da ita ta yi ɗumi. In ka fitar da ita daga ƙofar gida, na dawo sai na karya ka." A watan Yuni Mama ta tafi da ke garin Ashland jinyar Inna Opal. Ranar Lahadi da rana na fitar da ita. 'Ya'yan maƙwabcinmu Slone ne suka ce motar ƙato ce amma direbanta jariri, ni kuma ina da shekara goma sha bakwai. A kwanar gadar rafi ta ƙwace min, na daki ginshiƙi da gefen hagu. Gabanta ya naɗe kamar gwangwani. Ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Baba ya zo da tarakta. Na tsaya ina jiran duka, bai ko ɗaga murya ba. Ya shafa kaina da wuyana ya ga ba jini, ya ce, "Ɗauko sarƙa."

A garejin mahaƙar kwal inda yake aiki ya miƙe ƙarfen ƙasan motar, ya yi masa ƙari da guntun ƙarfen layin dogon da ke shiga rami. Ni na riƙe masa yana walda. Kin san Baba bahago ne, ɗinkin waldarsa daga dama yake tafiya zuwa hagu, duk mahaƙar babu mai irinsa. Shi na gani a ƙarƙashin motar, Lorene. Hannun Baba na gani.

Daga nan ya sayo gaban wata shuɗiya a bola, ya kai wa wani abokinsa mai gyaran bodi can nesa, bai taɓa gaya min suna ba. Sai yanzu na gane kawun Combs ne. Niyyarsa a gama kafin Dewey ya dawo. Da Mama ta dawo ta ga babu mota, ya ce ya sayar. Na ce masa zan faɗi gaskiya. Ya ce, "Ɗanta ɗaya yana bakin bindiga. Ba zan gaya mata na biyun ya leƙa kabari ranar Lahadi ba." Ni kuma duk mako ina rubuta wa Dewey cewa na tayar da ita, tana lafiya.

A watan Oktoba sojoji biyu suka zo ƙofar gida. Bayan jana'iza na sake samun Baba a bayan gida. Ya ce, "Rufe bakinka. Ni za ta iya tsana ta ci gaba da rayuwa. In kai ta tsana, wa ya rage mata?" Ya ce ya sa an niƙe motar. Na yarda, don ina so in yarda. Ashe ya ƙarasa gyaran har fenti, ya kasa kawo ta, ya kuma kasa rabuwa da ita.

Shekara goma sha biyar ina zaune a teburin cin abinci ina jin Mama tana ce masa mai sayar da kayan ɗansa, shi kuwa yana ta cin wakensa. Ya mutu a haka, ni kuma na yi suna wajen tona ƙaryar mutane. Na so in saye ta ne in ɓoye, ba don riba ba. Tsoro nake ji, ina da shekara arba'in da uku ina tsoron idon Mama.

Ba zan iya faɗa mata da bakina ba. Takardar tana hannunki, ki karanta mata ko ki ƙona, duk wanda kika yi ba zan ga laifinki ba.

Yayanki, in har yanzu kina so,
Orville


Paintsville
14 ga Afrilu

Yaya Orville,

Ina gaisuwa. Na karanta mata, ban tsallake ko kalma ba.

Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce in ɗauko mata baƙar rigarta ta coci, in kai ta maƙabarta. Wannan ne zuwanta na farko tun ranar da aka binne Baba. Ta ce in koma mota in jira, don haka ban ji abin da ta gaya masa ba. Ta fi awa guda.

A hanyar dawowa na tambaye ta me zan rubuta maka. Ta ce a kawo motar ranar Lahadi bayan coci, kuma ka zo tare da ita. Amma ta ce a nemi wani ya tuƙo.

Ƙanwarka,
Lorene